Tsirkiya Ɗaya da Gwangwanin Kifi: Waƙar da Ta Fito da Ɗanmaraya

A ƙauyukan Gezawa, idan dattijuwa ta ce a miƙo mata faifai, wanda aka saƙa da kaba take nufi, na rufe ƙwaryar fura ko na bakace. Maigidanta kuwa, in ya ba saba'in baya, ya san wani faifan daban: baƙi wuluk, mai sheƙi, da ɗan rami a tsakiya, wanda ake ɗorawa a kan garmaho, a wana hannu, a saukar da allura, sai murya ta fito. Siffarsu ce ta zo ɗaya, Bahaushe bai tsaya neman sabon suna ba. Jikokinsu ba su taɓa riƙe irin wannan faifai ba. Su abin da suka sani shi ne a kai waya wajen mai tura waƙoƙi a bakin kasuwa, a ce ya zuba sabon albam ɗin wane.

Ita kanta kalmar albam tana da tarihi. Faifan garmaho na da ba ya ɗaukar abin da ya wuce kimanin minti uku a kowane gefe. Idan kamfani yana son sayar da waƙoƙi da yawa na mutum ɗaya, sai ya haɗa faya-fayai uku ko huɗu a cikin wani littafi mai aljihuna, irin wanda ake jera hotuna a ciki. Sunan littafin hotunan ne ya bi kayan. A 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da babban faifai mai ɗaukar fiye da minti ashirin a gefe guda, littafin ya tafi, sunan ya zauna.

Da zuwan albam ne faifan farko na mawaƙi ya zama abin da ake sa wa ido a Turai da Amurka, musamman ga irin mawaƙin da ke tsara waƙarsa da kansa, ya rera ta da kansa, da abin kiɗa ɗaya a hannu. Babban misalinsu shi ne Woody Guthrie, ɗan jihar Oklahoma. A shekarun 1930 fari ya afka wa yankinsu, iska ta riƙa kwashe ƙasar gona tana binne gidaje da ƙura, dubban manoma suka ɗaure kayansu suka nufi Kalifoniya neman aikin ƙodago. A 1940 kamfanin Victor ya fitar da kundinsa na farko, Dust Bowl Ballads, shi kaɗai da jitarsa da ɗan abin busa, yana ba da labarin waɗannan mutane. Manomin Gezawa da ya ga farin 1973 da na 1984 ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan abin da ke cikin kundin nan. Bayan shekara 22, wani saurayi mai suna Bob Dylan ya fitar da nasa faifan farko. Waƙoƙi 13 ne a ciki, biyu kacal ne nasa na kansa, ɗaya daga cikin biyun kuma ta girmama Guthrie ce.

A ƙasar Hausa abin bai biyo ta wannan hanya ba. Makaɗi yakan tashi ne a gidan kiɗa, ya fara da ɗaukar ganga, ya zama ɗan amshi a bayan ubansa ko maigidansa, a hankali a riƙa sakar masa ɗa ɗaya ko biyu ya ja. Waƙa tana haihuwa a ƙofar fada, ko a filin gayya, ko a dandali, ko gidan biki. Kafin ta isa gaban na'ura ta riga ta sha gyara a gaban jama'a sau ɗari, an ga inda ake yin shiru, an ga inda ake yin liƙi. Saboda haka babu wata rana guda da za a ce yau wane ya fara. Abin da Bahaushe yake riƙewa shi ne waƙar da ta fito da mutum, wadda daga ita aka san sunansa a garin da bai taɓa zuwa ba. Ita ce faifansa na farko, ko da an buga ta a faifai ko ba a buga ba.

Idan kuwa ana neman mawaƙin Hausa da ya tsaya shi kaɗai da abin kiɗansa, ya tsara, ya rera, ya kuma ɗauki talaka ya sa a tsakiyar waƙa, sunan Adamu Ɗanmaraya Jos ne zai fara zuwa baki. Waƙar da ta fito da shi kuma ita ce Waƙar Karen Mota.

An haifi Adamu Wayya a 1946 a Bukuru, kusa da Jos. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne. Uban ya rasu yaron yana jariri, uwar ma ba ta daɗe ba ta bi shi, sai sarkin ya ɗauke shi ya riƙe. Daga nan sunan Ɗanmaraya ya samo asali. Wato jinin kiɗa yana jikinsa, amma bai gaji ƙungiya ba, bai gaji ganguna ba, ba shi da uban da zai tsaya a bayansa ya koyi amshi. Yana yaro ƙarami ya yi tafiya zuwa Maiduguri, ya ga makaɗan can, abin ya shiga ransa, ya haɗa kuntiginsa da hannunsa. Da shi ya yi ta kiɗa har ƙarshen rayuwarsa.

Wanda bai taɓa ganin kuntigi ba zai yi mamakin ƙanƙantarsa. Gwangwanin kifi ne mai siffar ƙwai, a rufe bakinsa da fatar akuya, a soka masa ɗan sanda, a ɗaura tsirkiya guda ɗaya. Shi ke nan. A jerin darajar kayan kiɗan Hausa, tambari da kakaki suna can sama, na sarauta ne, ba kowa ake yi wa su ba. Kotso da taushi na makaɗan fada ne, irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da Sarkin Taushin Katsina. Kalangu ya fito daga mahauta, Mamman Shata ya ɗaukaka shi ya kai shi ko'ina. Kuntigi yana can ƙasa, abin da yaro zai iya haɗawa da abin da aka yar a bola. Da wannan Ɗanmaraya ya shiga fage.

Akwai wata wahala a kiɗan mutum ɗaya wadda mai sauraro ba ya lura da ita. A ƙungiyar makaɗa, 'yan amshi ba ado ba ne. Idan jagora ya kai ƙarshen ɗan waƙa, su suke karɓewa su maimaita gindin waƙar, shi kuma ya sami sararin numfashi, ya dubi taro, ya shirya abin da zai faɗa gaba. Ga sanƙira yana tuna masa sunayen mutane da asalinsu. Shata yakan ƙirƙiri waƙa nan take, amma yana da mutane a bayansa suna riƙe masa ita. Mai kuntigi ba shi da kowa. Idan ya yi shiru, tsirkiyar ce kaɗai za ta cike gurbin. Don haka Ɗanmaraya ya mai da ita 'yar amshinsa: tsakanin ɗiyan waƙa tana maimaita wani ɗan salo da sauri, kowace waƙa da nata, da jin sa ka san waƙar da ke tafe. Idan kuma ya fara rerawa, sai yatsunsa su riƙa canza sautin yana bin hawa da saukar muryarsa. Hausa harshe ne mai karin sauti, a ɗaga murya ko a sauke ta ma'anar kalma ta canza, saboda haka tsirkiyar da ke bin karin magana kusan magana take yi. Kuma da yake babu ganga mai nauyi da za ta danne murya, kowace kalma tana fita tar. Mawaƙin da ya zaɓi wannan hanya ba shi da wurin ɓuya. In maganarsa ba ta da nauyi, nan take za a ji.

To, wa ya zaɓa ya yi wa waƙar da ya fara da ita?

Amsar tana tsaye a bakin hanyar da ta ratsa Gezawa. Ƙaramar hukumar tana arewa maso gabas da birnin Kano, faɗinta murabba'in kilomita 340, ƙidayar 2006 kuma ta ba ta mutum 282,069. Ƙasa ce da gona ke manne da gona, ba a barin fili ya huta, taki da gumin manoma ne ke riƙe da ita. Masana irin su Michael Mortimore sun yi shekaru suna zuwa ƙauyen Tumbau da ke yankin don su fahimci yadda ƙasa ɗaya take ciyar da jama'a masu yawa haka shekara da shekaru ba ta mutu ba. Wani ɓangare na amsar shi ne zirga-zirga. Taki yana fitowa daga birni, gero da dawa da wake da gyaɗa suna shiga, 'yan ci-rani suna tafiya bayan kaka su dawo kafin shuka. Da jakuna aka fara. Layin dogo na Kano zuwa Nguru ya biyo ta Jogana, sannan manyan motoci suka zo suka karɓe yawancin lodin. Kowace babbar mota kuma tana da direba, direba yana da yaro.

Sunan da aka ba yaron nan ya isa ya nuna matsayinsa: karen mota. Shi ne mai kiran fasinja, shi ne mai ɗora kaya da sauke su. In taya ta yi faci, shi zai shiga ƙarƙashi da jak da sifana, direba yana inuwa. In mota ta ƙi tashi, shi ne a gaba wajen turi. A kan hawa, shi zai diro da weji ya cusa a bayan taya kada mota ta koma da baya da mutane. Shi ke neman ruwan lagireto, shi ke wanke mota, shi ke kwana a gindinta yana gadin kayan mutane. Rigarsa ta sha baƙin mai har ba a gane kalarta. Abin da yake fata shi ne wata rana a ba shi sitiyari. Makaɗa sun daɗe suna yi wa direbobi waƙa, don direba a wancan zamani babban mutum ne, yana da kuɗi a aljihu, ya san garuruwa, yana iya yin kyauta. Yaronsa kuwa ba shi da abin da zai ba maroƙi.

Ɗanmaraya ya tashi a garin haƙar kuza, inda Hausawa da sauran ƙabilu daga ko'ina suka taru neman abinci, motoci suna hawa da sauka dare da rana. Ya san yaran nan, sa'o'insa ne. Sai ya ɗauki yabo, wanda aka saba ajiye wa mai sarauta da mai dukiya, ya ɗora shi a kan wanda ake kira kare.

Ya kamata a faɗi gaskiya a nan: ba shi ya fara yi wa mai sana'a waƙa ba. Manoma suna da makaɗansu tun kaka da kakanni, gangar noma tana zuga samari a filin gayya. Mahauta da maƙera da mafarauta kowa da kiɗansa. Ɗan'anace ya yi wa 'yan dambe waƙoƙin da har yau ba a yi kamarsu ba. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya yi dogon aiki wajen rarrabe waɗannan rukunoni. Amma duk waɗannan sana'o'i ne na gado, masu sarki, masu kirari, kuma wanda ake wasawa a cikinsu gwarzo ne, wanda ya fi kowa kunya a gona ko ya kayar da kowa a fage. Aikin karen mota sabo ne, mota ce ta zo da shi, ba shi da asali, ba shi da sarki, ba wanda ke alfahari da shi. Kuma ba wani fitaccen karen mota guda aka ɗauka aka wasa ba, dukkansu ne, da aikin da suke yi. Nan ne sabon abin yake. Yabo ya tashi daga kan wane ɗan wane ya koma kan wahalar da mutum yake sha don jama'a su isa inda za su.

Wannan ya canza har hanyar cin abincin mawaƙi. Makaɗin fada yana da ubangida guda, shi ke ba shi doki da riga da hatsi, a madadin haka kuma bakinsa yana da linzami. Wanda ya yi wa karen mota waƙa ba zai sami doki ba. Ubangidansa shi ne duk wanda ya ji waƙar ta yi masa daɗi, ko a tasha ko a gidan biki ko a gaban rediyo. Ribar da ke ciki ita ce 'yanci. Mutumin da ba ya jiran kyautar wanda yake yi wa waƙa yana iya faɗin abin da ya gani.

Sa'ar da ya yi ita ce ya fito daidai lokacin da na'ura ta zo neman irinsa. A 1962 aka buɗe gidan rediyon Kaduna na gwamnatin Jihar Arewa, ya riƙa ɗaukar makaɗa yana watsa su har ƙetaren iyaka. Kamfanoni irin su EMI suna buga faya-fayan makaɗan Hausa. Ɗaukar ƙungiya mai ganguna biyar da 'yan amshi aiki ne, sai an daidaita wanda zai matso da wanda zai ja baya, waƙar fada kuma takan yi tsawon da faifai ba zai ɗauka ba. Mutum ɗaya da gwangwani kuwa, makirufo guda ya ishe shi. Siririn sautin kuntigi yana ratsa ƙaramar rediyo mai batir ba tare da ya dushe ba, alhali babbar ganga takan koma gunji a cikinta. Kamar don akwatin rediyo aka ƙera shi.

Mutanen Gezawa suna da kusanci na musamman da wannan ɓangare na labarin, domin a Jogana da ke yankinsu ne aka kafa tashar da ke watsa shirye-shiryen Rediyon Kano a kan matsakaicin zango. Muryoyin da suka cika ƙauyukan Kano da maƙwabtanta daga tsakiyar gonakinsu suke tashi. Manomi ya rataye rediyonsa a reshen gawo yana noma, matan gida sun ajiye tasu a gindin turmi, mai shayi ya ɗora tasa a kan tebur. Shirye-shiryen gaishe-gaishe irin su Zaɓi Sonka na Kaduna sun sa mai sauraro ya zama shi ke zaɓen abin da za a sa, ya aika kati da sunansa da na garinsu. Da kaset ya yaɗu a shekarun 1970, sai waƙa ta koma cikin motar kanta. Direba ya tura kaset a rakoda, yaronsa yana maƙale a baya, ana rera aikinsa a gaban fasinjojin da ɗazu suka daka masa tsawa.

Duk abin da Ɗanmaraya ya yi daga baya ana iya ganin ƙwayarsa a waƙar nan. Lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙi da yawa, yana siffanta abin da ke faruwa a fagen daga. Amma inda ya fi nuna gwaninta shi ne cikin gida. Jawabin Aure ta jero illolin saki, tana roƙon ma'aurata su gyara tsakaninsu. Auren Dole ta tsaya a bayan yarinyar da iyaye suka zaɓar wa miji ba da son ranta ba, a zamanin da faɗin haka a fili ba ƙaramin abu ba ne. Gulma Wuya kuwa labari ne na magulmaciyar unguwa da ke haɗa baki da boka tana kashe auren mutane.

A irin waɗannan waƙoƙi ya ƙara wa tsirkiyarsa wani aikin. Tunda ba shi da abokan waƙa, sai ya zama shi ne kowa. Ya yi muryar miji, ya juya ya yi ta mata, ya ƙanƙance ya yi ta tsohuwa mai kai gulma, ya kumbura ya yi ta boka, kuntigi yana gudu a ƙarƙashinsu bai tsaya ba. Wasan kwaikwayo ne cikakke a bakin mutum ɗaya. Sai a 1990 aka yi Turmin Danya a Kano, fim ɗin da ake lissafawa a matsayin mafarin finafinan bidiyo na Hausa, kuma rigingimun da masana'antar ta rayu a kansu, auren dole da kishi da makircin tsofaffi, mai kuntigi ya riga ya baje su a rediyo shekaru da dama kafin nan. Mai wannan rubutu yana ganin ba a ba shi haƙƙinsa a wannan fanni ba. Ana yawan kiransa mai wa'azi da gargaɗi, kuma haka ne, amma wa'azi kaɗai ba ya riƙe mutum a gaban rediyo. Abin da ya riƙe mutane shi ne sun ji muryar maƙwabciyarsu a ciki, sun yi dariya, sannan maganar ta zauna.

Ba shi kaɗai ne ya bi hanyar tsirkiya ba. Haruna Uji na Haɗeja ya yi suna da gurmi, ga kuma masu kukuma da masu garaya da molo, kowa da salonsa. Amma akwai wani da labarinsa ya nuna yadda ma'anar faifan farko take bambanta tsakanin gida da waje, shi ne Malam Maman Barka na Nijar. Ɗan Tubawa ne daga Tesker, malamin makaranta, wanda ya shahara da gurmi, yana waƙa da Hausa da wasu harsunan ƙasarsa, kaset ɗinsa suna yawo a Nijar da arewacin Nijeriya. A 2002 ya sami tallafin UNESCO ya tafi bakin Tafkin Chadi wajen wani dattijo, Boukar Tar, wanda shi ne ya rage cikin gwanayen biram, abin kiɗan masuntan Buduma mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale. Ya zauna ya koya, dattijon ya damƙa masa amanar. A 2008 ya kai biram bikin kiɗa na WOMAD a Ingila, a 2009 kuma kamfanin World Music Network ya fitar da kundin Introducing Mamane Barka, shi da makaɗinsa Oumarou Adamou. Ma'anar sunan kundin ita ce ana gabatar da shi, kuma ga mutanen Turai gabatarwar ce. A Damagaram da Maraɗi da Kano an daɗe da saninsa. Darajar kundin tana wani wuri daban: ya adana sautin wani abin kiɗa da ya rage saura ƙiris ya ɓace tare da tsoho guda. Malam Maman Barka ya rasu a Yamai a watan Nuwamba na 2018.

Yau saurayin Gezawa mai sha'awar waƙa yana da abin da Ɗanmaraya bai samu ba. Zai shiga mota da safe, kafin azahar yana cikin situdiyo a Kano, mai fiyano ya haɗa masa kiɗa a kwamfuta, a gyara masa murya, da yamma waƙar tana YouTube. Kalmar albam ta zauna daram a bakin matasa, ana sa ranar fitowa, ana buga hoton bango. Mawaƙa irin su Aminu Ala sun nuna cewa kiɗan zamani yana iya ɗaukar Hausa mai zurfi da magana mai nauyi. Sai dai situdiyo kuɗi yake ci, mai biya kuma yakan so ya ji sunansa, shi ya sa da yawa daga cikin sababbin mawaƙa suke buɗe baki da ɗan siyasa ko amarya da ango. Tsarin ubangida ya dawo da sabuwar riga. Ga shi kuwa hanyar cike take da mutanen da suke matsayin da karen mota yake a wancan lokaci: ɗan acaɓa, mai a-daidaita-sahu da ke biyan balas kullum, mai turin ruwa a kura, yarinya mai tallan gyaɗa a bakin titi, ɗan ƙodagon da ke noma gonar wani.

Ɗanmaraya ya ga girmamawa da idonsa. Ƙasa ta ba shi lambar yabo ta MON, Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa na dakta, Dokta Habib Ahmed Daba ya rubuta littafi a kan waƙoƙinsa, ɗalibai kuma suna nazarinsa a sassan Hausa na jami'o'i. Ya fita da gwangwaninsa ƙasashen waje ya kaɗa a gaban mutanen da ba su jin ko kalma ɗaya ta Hausa. Duk da haka bai ƙara wa kuntigi tsirkiya ta biyu ba. Ya rasu a Jos ranar Asabar, 20 ga Yuni, 2015, cikin kwanakin farko na azumi.

A kan hanyar Gezawa ƙananan motocin haya sun yi yawa yanzu, direba shi ke karɓar kuɗinsa da kansa, ba ya buƙatar yaro. Manyan motoci ne suka riƙe tsohon tsari. Bayan kaka, idan ana lodin hatsi, yaron yana can saman buhuna yana jan igiya, mai kaya yana ƙirga daga ƙasa, direba yana shan shayi. In an gama ya diro ya zare wejin daga bayan taya, ya buga jikin mota sau biyu da tafin hannu, sai ta fara tafiya sannan ya kama ƙarfe ya haye.